Yadda Kwamfutar 1983 Take Tura Wa Wayarka Fayil

 Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba, ga rubutun shirin kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau idan kana son tura wa abokinka fim ko karatun malam, Xender kawai za ku buɗe, kafin ka shanye ruwan leda ɗaya ya shige. To a ce an miƙo maka wata kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ƙera a 1983, tana aiki garau, ka rubuta wasiƙa a cikinta, aka ce ka fito da wasiƙar ka sa a wayarka. Ba ta da USB, ba ta da Bluetooth, ba ta san Wi-Fi ba, babu ma wurin sa memori. Ya za ka yi? Abin yana yiwuwa, kuma har yau akwai masu yi. Dalilin da ya sa yake yiwuwa shi ne labarin da zan ba ku, kuma ku bi ni a hankali, don ƙarshensa ya shafi abin da ke cikin wayar da ke hannunku.

Kwamfutar da na zaɓa sunanta TRS-80 Model 100. Kamfanin Tandy na Amurka ne ya fito da ita a 1983, yana sayarwa a shagunansa na Radio Shack, amma wanda ya ƙera ta kamfanin Kyocera ne na Japan. Manhajar da ke cikinta kuwa ta Microsoft ce, kuma Bill Gates da bakinsa ya faɗa a wata hira cewa ita ce na'ura ta ƙarshe da ya rubuta kaso mai yawa na manhajarta da hannunsa. Girmanta kamar babban littafi, nauyinta bai kai kilo 2 ba. Fuskarta layi 8 take nunawa, kowane layi harafi 40. Batir huɗu take ci, irin wanda ake sa wa agogon bango, kuma suna kai ta kusan awa 20. Ku gwada da laftof ɗinku, ku faɗa min awa nawa take yi idan an ɗauke wuta.

Ma'ajiyarta ce za ta ba ku dariya. Ƙaramar tana da kilobait 8, babbar ana iya kai ta 32. Kilobait 32 wurin harafi 32,768 ke nan. Wannan rubutun da kuke karantawa zai cinye wajen kashi ɗaya cikin uku na babbar, ƙaramar kuwa ba zai shiga ba sam. Hoto ɗaya na wayarka mai megabait 3 sai an tara irin wannan kwamfutar fiye da 90 kafin su ɗauke shi.

Duk da haka 'yan jarida sun so ta sosai. Madannanta masu daɗin bugawa ne, kana kunna ta take tashi, kuma tana shiga jaka. Mai ɗauko labarin wasanni ko na yaƙin neman zaɓe zai zauna a fili ya rubuta rahotonsa, ya nemi tarho, ya aika ofis. Kafin zuwan irinta, yawanci sai dai ya kira ya karanto labarin kalma-kalma wani yana bugawa a tafireta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wannan kwamfuta ba ta da faifan ajiya a ciki. Duk abin da ka rubuta yana zaune ne a ma'ajiyar da sai da wuta take riƙe abu. Idan ka kashe ta, batir na ci gaba da ba ma'ajiyar 'yar wuta kaɗan. Idan ka cire batir huɗun, akwai wani ƙaramin batir mai caji a ciki da zai riƙe na wasu kwanaki. Shi ma in ya mutu, shi ke nan, rubutu ya tafi. Don haka duk wanda ya jefa tasa a akwati tun 1990 ya buɗe yau, zai iya samun na'urar ta tashi, amma abin da ya rubuta ba ya nan. Sau da yawa ma ƙaramin batirin ya tsiyaye ya ci allon da ke ciki. Ka ga tun ranar farko, fitar da fayil daga cikinta dole ne. Masu ƙera ta sun san haka, shi ya sa suka yi mata ƙofofi uku na fita da shiga da bayanai.

Ƙofa ta farko ita ce modem, wato na'urar da ke mayar da rubutu ya zama ƙara don ya bi layin tarho. Duk abin da kwamfuta ta sani 0 ne da 1, sai modem ya ba 0 sautinsa, ya ba 1 nasa, a can ɗaya ɓangaren wani modem ya saurara ya mayar da su rubutu. Idan ɗan jarida yana otal ko rumfar tarho inda ba zai iya cire wayar ya jona ba, akwai wasu kofuna biyu na roba da yake kifawa a kan marikin tarhon, ɗaya a baki ɗaya a kunne. Gudunsa bit 300 a daƙiƙa, wato wajen harafi 30. Labari mai kalma 1,000 zai ɗauki minti uku da ɗoriya. Hotonka mai megabait 3 kuwa zai kwana ya wuni yana tafiya, wajen awa 28. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, sai dai a daɗe ba a je ba. Wannan ƙofar yau kusan a rufe take, don layin tarho na gida take buƙata. Mu nan tun da GSM ta shigo Najeriya a 2001 muka manta da shi, kuma layin salula matse sauti yake yi don muryar mutum, abin da ke lalata kukan modem.

Ƙofa ta biyu kaset ne. E, kaset irin wanda iyayenmu suke sauraron Shata da wa'azi a ciki. Za ka jona rikoda, ka danna maɓallin ɗauka, kwamfutar ta yi ta ƙugi, kaset ya naɗe. Ranar da kake so, ka kunna mata ƙugin ta mayar da shi fayil. Abin sha'awa, kwamfutar ba ta san mene ne a ƙarshen igiyar ba, sauti kawai ta sani. Don haka masu sha'awar tsofaffin na'urori sukan ɗauki ƙugin nan da laftof ko waya su ajiye shi kamar fayil ɗin murya, kuma akwai manhajojin da ke karanta shi su fito da abin da ke ciki. Haka ake ceto tsofaffin kaset tun kafin zarensu ya lalace. Matsalarta, idan ƙarar ta yi ƙasa ko ta yi yawa sai a sake daga farko. Ga kuma wani abu: kafar iyafis da ake jona igiyar ita ma tana ɓacewa. Apple ya cire ta daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu.

Ƙofa ta uku ita ce ta fi daɗewa a buɗe, kuma a kanta zan fi tsayawa. A bayan kwamfutar akwai wata kafa mai faɗi mai rami 25, ana ce mata RS-232. Wannan ba ƙirƙirar Tandy ba ce. Ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ce ta fitar da ƙa'idar tun 1960, don na'urorin buga saƙon telegiram da modem su iya magana da juna ko da kamfanoninsu daban. Aka buga ta a takarda, duk mai so ya ƙera na'urarsa a kai. A wannan tsarin bayanai suna tafiya ne a layi ɗaya, bit bayan bit, kamar mutane a kan siririyar gada. Kowane harafi yana da bit ɗaya a gaba mai cewa ga ni nan tafe, da wani a baya mai cewa na gama. Duk da ramukan nan 25, uku ne kawai dole: na magana, na sauraro, da na ƙasa wanda wutar ke komawa ta cikinsa.

Akwai wani tarko a nan da ke kama sababbin shiga. An tsara kafar ne don kwamfuta ta yi magana da modem. A rami na 2 kwamfuta take magana, a na 3 take sauraro. Idan ka haɗa kwamfuta biyu da kebul miƙaƙƙe, ka haɗa baki da baki, kunne da kunne, ba wanda zai ji wani. Sai an gicciya wayoyin, bakin wannan ya tafi kunnen waccan. Irin wannan kebul shi ake kira null modem a kasuwa. Sannan dole ɓangarorin biyu su yarda da gudu ɗaya. A Model 100 akwai manhaja mai suna TELCOM, a ciki za ka rubuta wani abu kamar 88N1E. Takwas ta farko tana nufin gudun 9,600, ta biyu bit 8 a kowane harafi, E ta ƙarshe kuma tana ba mai karɓa damar cewa dakata, in ya shirya ya ce ci gaba. Wannan dakatawar tana da muhimmanci, don fuskar kwamfutar a hankali take rubutu, in aka yi mata ambaliya sai haruffa su zube a hanya. Idan gudun bai zo ɗaya ba kuwa, shirme kawai za ka gani a fuska.

To an haɗa waya, an daidaita gudu. Da wane harshe za su yi magana? Nan ne ƙa'ida ta biyu ta shigo, ASCII, wadda aka fara fitarwa a 1963. Ita jadawali ce kawai mai gurbi 128, kowane harafi da lambarsa. Babban A lambarsa 65, B 66, haka har ƙarshe. A 1992, lokacin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wato tsarin da yawancin shafukan intanet da wayoyinmu suke amfani da shi yau, sun bar waɗannan gurabe 128 yadda suke. Shi ya sa idan kwamfutar 1983 ta aiko 65, wayarka ta Android za ta nuna A ba tare da wani tafinta ba. Ni a wurina nan ne zuciyar labarin. Radio Shack ya durƙushe a 2015, amma na'urarsa tana magana har yau, saboda ƙofarta da harshenta ba mallakar kamfanin ba ne, na kowa ne.

Rubutu zalla yana da haƙuri. In harafi ɗaya ya ɓace a hanya, mai karatu zai gane abin da ake nufi. Manhaja ba haka take ba, bit ɗaya ya juye, ta ƙi aiki. Wani Ba'amurke mai suna Ward Christensen ya magance wannan a 1977 da tsarin XMODEM. Ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace bait 128, a sa mata lamba, a haɗa jimillar abin da ke cikinta a liƙa a ƙarshe. Mai karɓa ya yi nasa lissafin. In ya zo daidai ya ce turo na gaba, in bai zo ba ya ce sake turo wannan. Kamar yadda ake loda buhunan hatsi a mota a Dawanau, ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, wanda aka samu da matsala shi kaɗai ake saukewa. Christensen ya bar tsarin kyauta ga kowa. A 1981 Jami'ar Columbia da ke New York ta fito da nata mai suna Kermit, don ɗalibai su iya kwashe aikinsu daga manyan kwamfutocin jami'a zuwa faifan fulofi. Har gobe, duk lokacin da ka sauke wani abu daga intanet, wannan dabarar ta yanka, ƙirga, sake turowa tana aiki a ƙarƙashi.

A tsakiyar shekarun 1980 Tandy ya fito da ƙaramar na'urar faifai mai batir, mai ɗaukar kilobait 100 a fulofi ɗaya, daga baya aka yi mai 200. Ta wannan kafar ta RS-232 ake jona ta. Kamfanin Brother na Japan ne ya ƙera ta, kuma irinta ce yake sayarwa da kekunan saƙarsa na lantarki don ajiye zanen saƙa. Lokacin kowa yana ganin faifan nan shi ne ci gaba, kaset kuma kayan ƙauye. Amma yadda na'urar take jera bayanai a kan faifan nata ne ita kaɗai. Ka ɗauki faifan ka sa a kwamfutar tebur ta yau da kullum, ba za ta karanta ba. Yau wanda yake da tarin irin waɗannan faifai, in bai samu na'urar Tandy mai rai ba, aiki ya same shi. Bel ɗin robar da ke juya faifan ma yawanci ya narke, sai an canza.

Sai duniya ta juya. USB ta fito a 1996. A 1998 Apple ya fito da iMac ba fulofi, ba tsohuwar kafar siriyal. Sannu a hankali sauran kamfanoni suka bi, har Sony ya daina yin fulofi a 2011. Da alama an rufe wa tsohuwar kwamfutar ƙofa. Abin da ya cece ta shi ne masana'antu ba su saki RS-232 ba. Injinan masana'anta, sikelin awo, na'urorin sadarwa, da yawansu da ita ake saita su har yau. Saboda su ake ci gaba da ƙera ɗan adaftan da ke da USB a gefe ɗaya, RS-232 a ɗaya gefen. A cikinsa akwai ɗan guntun lantarki da ke fassara, har da ƙarfin wuta, don USB bolt 5 take aiki da shi, RS-232 kuwa tana lilo ne tsakanin wuta mai hawa da mai sauka, har tana iya kaiwa 15 kowane ɓangare.

Ga yadda ake yi yau a taƙaice. Ka jona kebul null modem a bayan Model 100, ka haɗa shi da adaftan, adaftan kuma da laftof, ko da wayar Android ta hanyar OTG. Ka buɗe manhajar karɓar saƙon siriyal, ka sa gudu ɗaya, ka umarci TELCOM ta tura. A gudun 9,600, ko ma'ajiyar cike take, cikin kusan rabin minti ta gama. Masu son sauƙi kuma sun yi wata dabara: sun gano yadda kwamfutar take magana da na'urar faifanta, suka rubuta manhajoji irin su LaddieAlpha da mComm waɗanda ke sa laftof ko waya ta yi shigar burtu ta zama na'urar faifan. Tsohuwar kwamfuta tana zaton da faifan 100K take magana, alhali memori mai gigabait 32 ne, wanda ya ninka ma'ajiyarta sau miliyan ɗaya. Wasu ma sun ƙera ɗan akwati mai Wi-Fi da ke amsawa kamar modem, ta haka kwamfutar take leƙa intanet. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu bari in kawo maganar gida. Na ce ASCII gurbi 128 ne, kuma don Turanci aka yi ta. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. A irin wannan na'ura, ƙafa da kafa ɗaya suke, ɓari da bari ɗaya suke. In ka tura mata rubutun Hausa daga wayarka, duk inda harafi mai lanƙwasa yake za ka ga wasu alamomi biyu marasa ma'ana, don bait biyu UTF-8 take ba shi. Wannan matsalar ta bi mu har shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara yaɗuwa a ofisoshi da jami'o'inmu. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano suka ƙirƙiro salon haruffa na musamman masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, aikin da ya taimaki marubuta da maɗaba'u ƙwarai. Sai dai dabarar irin haruffan wancan zamani ita ce a ari gurbin wata alama a zana ƙ a kai. Fayil kuwa lamba yake ajiyewa, ba zane ba. Shi ya sa in ka buɗe tsohon kundin digiri ko littafin da aka buga lokacin a kwamfutar da ba ta da wannan salon, sai ka ga baƙin alamomi a tsakiyar kalmomi. Unicode ce ta ba haruffanmu gurbinsu na dindindin: ƙ lambarta 409, ɓ 595, ɗ 599. Duk wanda ya rubuta da su yau, a ko'ina aka buɗe haka za su fito.

Kun ga darasin. A cikin na'ura ɗaya, rubutun da ya bi buɗaɗɗiyar ƙa'ida ya tsallako shekara 40, wanda aka kulle a faifai na musamman yana can yana jiran mai ceto, wanda aka bari a ma'ajiya kuma ya bi batir. To ka tambayi kanka ina naka yake. Furojet ɗinka na makaranta da ke kan CD a cikin durowa, laftof nawa ne yanzu suke da wurin sa CD? Hotunan bikin yayarka suna kan wane memori, kuma yaushe rabon da ka duba shi? Muryar kakarka da ta aiko maka ta WhatsApp kafin ta rasu, a ina kuma take bayan cikin wayar nan? Memori da filasha ma suna iya zubar da abin da ke cikinsu in suka shekara da shekaru a ajiye ba a jona su ba.

Shawarata ita ce, abin da ba ka son rasawa ka fito da shi daga cikin manhajar da ta riƙe shi. Rubutu ka ajiye shi zalla ko PDF, hoto JPEG, murya MP3. Hirar WhatsApp mai muhimmanci akwai wurin fitar da ita ta zama rubutu zalla, ka yi amfani da shi. Ka ajiye a wuri biyu ko uku, ɗaya a wajen wayarka. Duk lokacin da ka canza waya, ka kwashe komai tun tsohuwar tana kunnuwa. In kana rubuta Hausa, ka sa madannan da ke da ƙ da ɗ da ɓ na gaskiya. In kuma akwai tsofaffin fulofi ko kaset na mahaifinka a gida, kada ka zubar, kuma kada ka jira, ka nemi mai na'urar karantawa tun ana samunsu.

A nan zan dakata. Idan akwai wata tsohuwar na'ura a gidanku da kuke son jin tarihinta, ku faɗa min. Ku tura wa wanda kuka san duk rayuwarsa tana kan memori ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.